Wayar da Baba Ya Ƙera

Yayana Muntaka mai walda bai taɓa tsallake waya a ƙasa ba. Ko masallaci za shi, ko gaisuwar mutuwa, da idonsa ya faɗa kan guntuwar waya a bakin hanya sai ya tsuguna ya ɗauka, ya naɗa ta a ɗan yatsa, ya kai ta saitin ido, sannan ko ya yar ko ya sa aljihu. Ni Hajo, ƙanwarsa, da nake wanke masa riguna, ni na san abin da na sha. Aljihu duk huji, tsatsa ta ɓata farin yadi, in na yi magana ya ce, "Hajo, ke ba ki san waya ba." To, na ji ban san waya ba, amma ai na san wahalar wanki.

Mu 'ya'yan maƙera ne daga cikin birni. Mahaifinmu, Baba Kailani, garmarsa da laujensa har ƙauyukan bayan Dutsen Abba sun san su. Mutum ne mai zafin rai, kuma ba na musu, ni na gado shi. Sai dai a gidanmu kowa ya san karatun fushin Baba. In ya zage ka, ya wurgo maka awartaki, ya ce maka sakarai, to kana nan cikin ransa, ka je ka ci tuwonka hankali kwance. Wanda Baba ya fidda daga rai ba ya yi masa tsawa. Gaishe shi yake yi da ladabi.

Yaya ya shiga soja lokacin yaƙin Bama na zamanin Turawa, kuma a can ya koyo walda, wato haɗa ƙarfe da wutar gas. Da ya dawo sai ya zo wa Baba da zumuɗi, yana ba shi labarin wata 'yar wuta shuɗiya mai kamar bakin allura, wadda ba ta son gawayi ba ta son zugazugi, amma tana narkar da ƙarfe kamar man shanu. Baba ya ce wannan ba ƙira ba ce, liƙi ne, irin na tsofaffi masu ɗinkin ƙwarya. Yaya da ƙuruciya da jinin soja ya ce, "Baba, nan gaba kaɗan masu liƙin ne za su ci abinci." Muka yi tsuru-tsuru muna jiran guduma ta tashi sama. Ba ta tashi ba. Baba ya ajiye ta a hankali, ya goge hannu, ya ce, "To, Malam Muntaka, Allah ya ba da sa'a."

Malam Muntaka! Ɗan da ya haifa!

Haka aka ɗauki wajen shekara goma. Kowace Juma'a Yaya zai taka daga Tudun Wada ya je gaida Baba, Baba ya sa a shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure, a kawo ruwa a ƙwaryar baƙi, ya ɓara goro ya miƙa masa, ya tambaye shi iyali da kasuwa, ya rako shi har bakin ƙofa. Cikin maƙerar Baba kuwa ko leƙe. In ka ga Yaya ranar Juma'a da yamma sai ka rantse daga jana'iza yake. Abu ɗaya yake nema a duniyar nan, Baba ya sake ɗaukarsa ɗan gida, ya yarda aikinsa ƙira ne. Ni da kaina na sha yi wa Baba magana, har da ɗaga murya, sai ya ce, "Ke rufe mini baki, mara kunya." In fito ina murna, ni dai ba a ce mini Malama Hajo ba.

A Tudun Wada Yaya ya kafa wurin aikinsa, ƙofar gidansa, gindin wani ɗurumi. Da aurena ya mutu na komo wurinsa, na kafa tukunyar shinkafa da wake a bakin zaure ina sayar wa direbobi. Saboda haka duk abin da zan faɗa, a kan idona aka yi.

Manyan motoci su ne abincinsa na kullum, amma abin da ya fi so shi ne jikin ƙaramar mota. Ƙarfen jikinta falle ne, bai fi garwar kananzir kauri ba, in ka daɗe da wuta a kansa ko na ƙiftawar ido sai huji. Wayar da ake narkawa a cike tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a nan Yaya yake da tsirfa kamar uwar amarya a wurin zaɓen zane. Kada ta fi ƙarfen kauri, in ji shi, don kafin ita ta narke shi ya ƙone. Kada ta yi tauri. Sai ya naɗa ta a yatsa, in ta kwanta ta zauna yadda ya naɗa ta, to. In ta yi tsalle ta miƙe, ya yar. Sannan ya sa bakinta a wuta. In ta narke shiru, ta samu shiga. In ta hau tartsatsi tana tofar da wuta, ya ce wannan mai faɗa ce irin Hajo, ba za ta zauna da ƙarfe lafiya ba. Farar wayar shinge kuwa ko kyauta ba ya karɓa, tun ranar da farin hayaƙinta ya kwantar da shi da zazzaɓi, na yi ta ɗura masa nono. Wadda ya fi yarda da ita baƙar waya ce mai laushi, wadda ake ɗaure dilolin kaya da ita a tashar jirgi. Leburori su yanke su zubar, shi ya bi ya tsince, ya zo ya miƙar da ita, ya goge tsatsar da yashi.

A shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, maƙwabcinmu Malam Habila, malamin makarantar mishan, ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota wurin wani Bature da zai koma gida. Mota nake cewa don kara. Ta sha damina a gindin mangwaro ba adadi, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, ƙasan ƙofofin duk tsatsa ta cinye, in ka sa yatsa sai ya wuce. Da jakai biyu da majiya ƙarfi aka jawo ta. Na ce, "Malam, wannan gawa ce, a nemo masu wanka." Ya yi dariya ya ce Muntaka zai tashe ta. Kuma ya tashe ta ɗin. Ya yi ta yanke ruɓaɓɓen wuri yana sa sabon falle, yana bi da 'yar wayarsa ɗigo-ɗigo, yana daddaɓewa da ƙaramar guduma, har in ka shafa da hannu ba ka jin inda aka haɗa. Mutane har daga unguwar Kongo suke zuwa kallo. Komai ya kammala, saura ƙofar direba.

Ana nan sai Malam Habila ya shiga birni sayen fartanya, kuma wurin Baba ya je. Shi da zuciya ɗaya ya hau yabon Yaya. Baba yana ji yana cewa madalla, kamar labarin ɗan wani ake ba shi. Can ya ce, "Da wane ƙarfe yake liƙin?" Malam Habila ya ce da wayar ɗaure dila, wadda yake tsinta a tasha. Malam Habila ya ce mana sai Baba ya ce, "Tsinta? Ɗan Kailani ne yake bin bola yana tsintar ƙarfe?"

Wata Asabar da hantsi ina tsaye ina juya wake, na ɗaga kai, sai ga tsoho ya ɓullo ta hanyar Ƙofar Doka, yana dogara sanda, da wani dogon ƙunshi na fata a hammata. Ludayi ya suɓuce mini ya faɗa tukunya. Baba ne! Baba da tun da Yaya ya tare a Tudun Wada ƙafarsa ba ta taɓa taka unguwar ba! Na ce innalillahi, wa ya mutu?

Yaya ya jefar da abin da ke hannunsa ya zube ƙasa. Baba ya amsa gaisuwa, ya ce, "Malam Muntaka, na ji an ce kana fama da rashin ƙarfe." Ya kwance fatar. Sai ga sanduna sirara, masu sheƙi, an jera su kamar tsinken tsire. Ashe sifirin ɗin babbar mota ya samu, wato ƙarfen nan mai tauri da ke ɗauke da nauyinta, irin ƙarfen da yake ɓoyo don bakin wuƙa da aska, wanda ko mu bai yarda mu taɓa ba. Shi ya zauna ya yi ta tsagawa yana ja da guduma, tsoho da ciwon kafaɗa, har ya mai da shi waya. Duk tafin hannunsa ya farfashe. Ya ce, "Ga ƙarfe na gaske. Ka daina tsince-tsince."

Na fashe da guɗa, ban san lokacin da ta fita ba. Direbobi suka bar kwanonsu suka matso. Malam Habila ya fito daga gida yana ta washe baki.

Sai na dubi Yaya, na katse guɗar. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, amma bai naɗa ko ɗaya a yatsa ba. Mutumin da ko wayar da aka ɗaure kaza da ita sai ya gwada! To, a gidan maƙera ƙarami ba ya gwada ƙarfen babba. Ba ka lanƙwasawa, ba ka sa magagari, ba ka ko ƙwanƙwasawa ka ji amonsa. Yin haka daidai yake da ka ce masa maƙaryaci a bainar jama'a. Ka karɓa, ka sa a wuta, shi ke nan. Ina kallon yatsan Yaya yana motsi shi kaɗai, ya kama shi ya danne da ɗaya hannun. Ni da ban san waya ba, na ga sandunan nan sun ninka tasa kauri, kuma ko kusa ba za su naɗu ba.

Na ce a raina zai ajiye su ya ce sai an samu babban aiki. Ina! Baba ya ce, "Ina abin da ya rage a motar?" Malam Habila da saurin baki ya nuna ƙofar, tana kwance a kan katako, an riga an yanke ruɓaɓɓen ƙasanta, an auna sabon falle. Baba ya sa aka jawo masa turmina, ya kife shi ya zauna daf da ƙofar. Ya ce, "Bismilla. In ga liƙin nan da idona."

Yaya ya kunna wuta. Ya sa baƙin gilashinsa, ya ɗauki sandar Baba. Da ta ji wuta sai ta hau tartsatsi, fat-fat-fat, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ga ta da kauri, ta ƙi narkewa da wuri, shi kuwa fallen ƙofa ya yi ja, ya yi fari, sai ga huji ya buɗe, ana hango ƙasa ta ciki. Wani direba ya ce, "Kai!" Duk zamana a bakin zauren nan ban taɓa ganin Muntaka ya huda jikin mota ba.

Baba ya ce, "Wutarka ce ba ta da ƙarfi. Ƙara mata."

Na ce to yanzu kam zai yi magana. Wallahi sai ya ƙara. Ya cike wannan huji, wani ya buɗe a gaba, ya cike, wani ya buɗe. Zufa tana ɗiga daga haɓarsa tana faɗawa kan ƙarfe tana cuu. Ƙofar da take sumul da safe ta fara murɗewa tana tashi kamar fatar akuya da aka shanya ba a kafe ba. Malam Habila ya daina murmushi. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi furfurar Baba, ya rufe. Ni kuwa ina tsaye, wake yana ƙonewa a bayana, ina jin ƙauri, na kasa ɗaga ƙafa.

Ya kai ƙarshen layin da kyar. Haɗin ya yi tudu-tudu, baƙi ƙirin, ƙarshensa yana nan ja. Baba ya gyaɗa kai, ransa ya yi fari, ya ce, "Yanzu a ba shi ruwa ya yi ƙarfi." Kafin kowa ya motsa ya ɗauki butata ya kwarara a kai, yadda yake tsoma bakin lauje in ya fito daga wuta. Tururi ya tashi. Na ga Yaya ya runtse ido kamar shi aka zuba wa.

"Miƙo guduma," in ji Baba. "Wannan kam aikina ne."

Ya sa dutsen ƙarfe a ƙasa, ya ɗaga guduma don ya kwantar da tudun. Bugun farko lafiya. A na biyu sai muka ji ƙas! Tsaga ta kama daga inda gudumar ta sauka, ta ruga har wancan bakin, kamar ƙwarya ta faɗi a kan dutse. Sabon fallen ya ɓalle gaba ɗaya, ya faɗi ƙasa yana ƙara yana juyi, har ya gaji ya kwanta.

Baba Kailani, wanda ba a taɓa mayar masa da garma ba, ƙarfensa ya fashe a ƙarƙashin gudumarsa, a gaban direbobi da malamin makaranta da mai shinkafa da wake. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, yanzu zai tashi ya kakkaɓe riga ya ce Malam Muntaka na gode, kuma har ya koma ga Allah ba za mu sake ganinsa a nan ba.

Bai tashi ba. Ya ɗauki fallen ya juya shi, ya ƙura wa bakin karayar ido. Fari ne tas, yana ƙyalli kamar gishiri. Ya sunkuya ya tsinci guntuwar baƙar wayar nan ta bola a gindin turmi, ya naɗa ta a yatsa, ta kwanta luf. Ya ɗauki tasa ya gwada lanƙwasawa, ta ƙi. Ya daɗe yana kallon su biyun.

"Ka san haka za ta yi?"

Yaya yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka kwance fatar."

Ban ga tashin hannun ba, ƙarar na ji. Tau! Baƙin gilashin ya yi sama ya faɗa cikin kwata. Mutum mai shekara arba'in, mai mata da 'ya'ya, tsohon soja, aka wanke shi da mari a ƙofar gidansa! Wata mata da ta zo sayen abinci ta saki kwano ta ɗora hannu a ka.

"Sakarai! Shashasha! Mutum ya ba ka amanar kayansa, ka sani, ka lalata masa don kunyar idona? Ni na koya maka haka?"

Yaya ya ce, "Baba, ai ba a gwada ƙarfen babba."

"A maƙerata ba a gwadawa, don a can ni na san ƙarfe! Nan maƙerar wa ce? Tawa ce? Maƙerarka ce, kai ne babba a cikinta, ka zauna kana kallona ina zuba ruwa kamar mahaukaci! Kai, Muntaka, Allah wadaran wannan kai naka!"

Malam Habila ya shiga tsakani yana cewa, "Baba, a yi haƙuri, ƙofa ce kawai." Baba ya ce masa, da ladabi ƙwarai, "Malam, ka gafarce mu, tsakanina da yaron nan ne." Ni kuma na taso da ludayi a hannu, raina a ɓace, na zo in gaya wa tsohon nan abin da ke bakina ko da zai tsine mini. Na isa, na dubi fuskar Yaya, na tsaya cak. Hawaye ne shaɓe-shaɓe, ga shatin yatsu a kunci, amma bakinsa har kunne. Na ce, ikon Allah, marin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Baba ya daka masa tsawa. "Dariyar me kake yi? Tashi ka ɗauko taka wayar ka nuna mini yadda ake yi, ɗan banza!"

Ƙofar dai ba ta gyaru ba, ta riga ta murɗe. Malam Habila ya yi watanni yana tuƙa motarsa da igiya a maimakon ƙofa, yara suna bin sa da ihu, har Yaya ya samo wata a Kaduna ya gyara masa. Mutumin kirki, bai taɓa yi mana gori ba. Baba kuwa daga ranar ya mai da gindin ɗurumin nan wurin zamansa na Asabar. Ya zauna kan turmina yana miƙar da wayar bola da 'yar guduma, yana gogewa da yashi, yana mita, yana zagin wutar, yana zagin mai wutar. Haka har ƙafa ta gaza masa. Sauran sandunan da ya ƙera Yaya bai yar ba, ya yi ta amfani da su wajen ƙara wa bakin gatari da diga ƙarfi, inda ake son tauri, kuma ko ɗaya bai taɓa dawowa ba. Shi ma ya yi ta walda har idonsa ya dushe, yana lalubar waya da yatsa.

Amma ni yammacin wannan Asabar ɗin ce ba ta fita raina. Bayan an raka Baba, na tarar da Yaya zaune a zaure, kuncinsa ya kumbura suntum, yatsun Baba a kwance raɗau. Na ɗora ruwa, na jiƙa tsumma, na zo zan gasa masa, ina ta faɗa, ina cewa wannan wane irin tsoho ne, ko jaki ai ba a yi masa haka ba.

Ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Hajo, kin ji abin da ya ce kuwa? Maƙera ya kira wurin aikina."

Na ce, "Na ji. Sake ni in gasa maka, gobe ka iya fita cikin mutane."

Ya kau da kai, ya rufe kuncin da tafinsa. Ya ce, "A'a, bar shi. Kada ya sace da wuri."